Hular Haraji

A cikin jakata akwai hotunan shafi talatin da ɗaya na littafin biyan ma'aikatanmu da na buga daga wayata, da ƙullin ganyen shayi, da kwalin sukari, da goro goma, da ruwan leda biyu. Mai napep yana ta kauce wa ramuka a hanyar Kasuwar Shanu. Ranar Talata ce, hantsi bai yi ba.

Jiya Litinin aka wayi gari babban littafin biyan ma'aikata ya ɓace daga ɗakin lissafi na gidanmu da ke Abbaganaram. Mahaifiyata, Hajiya Suwaiba, sana'ar hula take yi shekara ashirin da wani abu. Ba ta da ma'aikatan albashi sai mutum ɗaya. Sauran duk aikin hannu ne, a yi a biya: mata masu ɗinki a Galtimari, da masu wanki da bugu, da mai ɗaukar hoto. Da kuɗin hulunan nan na yi shekara bakwai ina karatun akanta a Malesiya. Na dawo wata huɗu da suka wuce, na tarar wani babban kanti a Abuja yana son hula ɗari huɗu, amma sai mun kawo takardar shaidar biyan haraji. Ita kuma takardar ba ta fita sai an nuna wa hukuma su wa muke biya, nawa, da abin da aka cire wa kowa. Na ce kowane mai yi mana aiki zai zo da kansa, a yi masa lambar haraji, a ba shi rasit. Ranar Alhamis na faɗa. Ranar Litinin littafi ya ɓace.

Ba a fasa ƙofa ba. Makulli biyu ne, ɗaya a rataye a ɗakin Hajiya, ɗaya a hannun Anti Ketura, 'yar Biu, wadda take riƙe mana littafi tun ina firamare. An gan ta ranar Lahadi ta shiga gidan da jaka ta fito da jaka, lokacin muna wajen suna. Kafin azahar unguwa ta gama shari'a. Hajiya ta karɓe makullinta a gaban maƙwabta. Kawu Maikuɗi, ƙanen Hajiya, wanda yake kai wa mata aiki da kuɗi Galtimari, ya ce idan littafi bai fito ba zuwa la'asar ɗin Laraba, shi da kansa zai kai ta ofishin 'yan sanda.

A kan teburin ɗakin nan Anti Ketura ta koya mini lissafin rabawa da ƙwayar wake. Wannan ba hujja ba ce, na sani. Shi ya sa na fito neman hujja.

*

Baba Sa'id yana zaune a kan buzu a bayan rumfar dillalai. Bashuwa ne, daga cikin Larabawa makiyaya, mai bin sawun shanun da aka sace. Ya taɓa nemo wa mahaifina raguna uku kafin rasuwarsa, iyakar abin da na sani ke nan. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye shayi da sukari da goro, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Littafi yana da kofato?" ya tambaya.

"Ba shi da shi, Baba."

"To me zan bi?"

"Wanda ya ɗauke shi yana da ƙafa."

Ya dube ni, ya ɓare goro ɗaya. "'Yar Alhaji Ibrahim Khalil ce ke. Shi ma haka yake, ba ya tsawaita magana. An share ɗakin?"

"A rufe yake tun jiya."

"Mutum nawa suka shiga?"

"Ni da Hajiya da Anti Ketura. Sai Kawu, ya tsaya daga bakin ƙofa."

Ya naɗe buzunsa. "Mu je kafin wata mai tsafta ta ɓata mana aiki."

*

A bakin ɗakin lissafi ya cire takalmansa ba tare da an ce masa ba. Ɗakin mahaifina ne a da, a nan yake salla, har yau ba mai shiga da takalmi. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙasa. Buhun sitacin da ake sa wa huluna yana jingine kusa da kabad, ya huje tun makon jiya, farin gari ya bazu a siminti.

"Ina ake ajiye littafin?"

"Saman kabad."

"Matar nan doguwa ce?"

"Kafaɗata take."

Ya nuna kujera 'yar tsugunno da sandarsa. "Da wannan take hawa?"

"E."

Ya ɗaga ta. A ƙarƙashinta simintin fes yake, gari ya zagaye ƙafafunta huɗu. "Tun da buhun nan ya huje ba a motsa ta ba sai sau ɗaya, an mayar daidai. Yaushe ta sauke littafi na ƙarshe?"

"Alhamis, da na ɗauki hotunansa."

Ya tsuguna a gefen kabad ɗin, can jikin bango inda ba mu taka ba. Ya kira ni da hannu. Sawu biyu ne, rabi-rabi, babu diddige, yatsu kawai sun nutse a gari.

"Ɗage ya yi," ya ce. "Ba dogo ba ne, ba gajere ba. Kuma ɓarawon waje ba ya cire takalmi, ba ladabi ya kawo shi ba. Wannan ƙafarsa ta saba da ƙofar nan."

Hajiya tana tsaye a bayanmu, hannu a ƙugu. "Ai ita ma ta saba. Shekara goma sha tara."

"Hajiya, ni ban ce wane ba, ban ce wance ba. Ƙasa nake karanta miki."

"Lubna, abin da kika koyo a Malesiya ke nan? Ki ɗebo mini mai kiwon shanu cikin gida?"

Baba Sa'id ya sa in ɗauki hoton sawun, sannan ya kife ƙwarya a kai.

*

Akwai wanda na fi zargi. Ridwan, mai ɗaukar mana hoton huluna don talla. Ranar Juma'a na cire masa haraji daga kuɗin aikinsa saboda ba shi da lamba, ya yi ta faɗa har waje, ya ce zan gani. Muka same shi a shagonsa yana gyara hoton wani ango.

"Na faɗa, ban musa ba," ya ce. "Shekara biyar Hajiya tana biya na cif, kin zo da biro kin yanke. Ko rasit ɗin ma ba ki ba ni ba."

"Sai na kai kuɗin hukuma rasit yake fitowa."

"To in ya fito a dafa mini shi da miya."

"Ina kake ranar Lahadi?"

"Wajen sunan da kike. Wa ya ɗauke ki hoto kina cin nama kamar an aiko ki?"

Baba Sa'id ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya ce dai ya miƙo masa butar da ke saman kanta. Ridwan ya miƙa hannu daga inda yake tsaye ya sauko da ita. Da muka fito tsohon ya ce, "Wannan raƙumi ne. Ba ya buƙatar ɗage."

Daga nan muka wuce wajen Anti Ketura, muka tarar tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa. Ba ta tashi ba. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

"Anti, me kika kai gidan ranar Lahadi?"

"Gyaɗa. Ƙanwata ta aiko daga gida, na ce in kai wa Hajiya bayan coci. Na juye a kicin na fito da jakata. Ku duba, tana nan cikin roba mai murfi, sai dai in ita ma ni na sace."

"Na san ba ke ba ce."

"Ba ki sani ba, Lubna. So kike ya zama ba ni ba ce. Da kin sani da kin yi magana jiya."

Gaskiya ta faɗa. Jiya ina tsaye aka karɓi makullin.

Baba Sa'id ya ce, "Malama, mata nawa ne a littafin?"

"Sittin da uku."

"Kin san su?"

"Na san sunayensu. Tun da hanya ta lalace shekarun baya Hajiya ta hana ni zuwa, ta ce Maikuɗi namiji ne, ya riƙa kaiwa. Ni nake ƙirga hula in rubuta abin da ya ce wance ta ɗinka. Gaban kowane suna ina ja layi-layi, hula ɗaya layi ɗaya, don wadda ba ta karatu ta ƙirga kafin ta dangwala. Ya tafi da takarda da kuɗi, ya dawo da dangwale, in manna a littafi. Hula ba ta taɓa kasawa ba, kuɗi bai taɓa kasawa ba."

"Kalas, ya isa," in ji shi. "Mu je mu ga masu dangwalen."

*

A Galtimari muka sami mata kusan goma a inuwar darbejiya, kowace da hula a gwiwa. Shugabarsu Ya Mu'mina, Babarbariya ce, tabarau ɗaure da zare a kunnenta.

"Wushe, wushe," ta yi mana sannu da yarensu. "Ke ce ta ƙasar waje? Kullum Maikuɗi yana cewa kuɗinmu ke karatu."

"Ni ce, Ya Mu'mina. Na gode."

"Ki gode wa idanuna, su suka biya."

Matan suka yi dariya. Na zauna a tabarma na ce ina son in san ku nawa ne.

"Hamsin da ɗaya. Da hamsin da biyu ne, ɗaya ta koma Bama."

Na karanto mata sunaye daga takarduna. Tana cewa ga ta can, wannan 'yar ƙanwata ce, wannan ta je asibiti. Da na zo kan Rumaisa'u Bukar ta ce ba ta san ta ba. Na gaba ma haka. Sunaye goma sha biyu, ba wadda ta taɓa jin su.

"Ƙila wata unguwa yake kai wa," ta ce. "To Malama, tun da kin zo, wai an ce za ki ba mu takarda. Ta hular gwamnati ma za ki bayar?"

"Wace hular gwamnati?"

"Ta haraji mana. In kin ɗinka goma, tara naki, ɗaya ta gwamnati. Ba a ja mata layi. Shekara huɗu ke nan. Ba mu ƙi ba, ƙasa ta kowa ce, amma sati biyu nake yi a kan hula ɗaya. A ce mini dai ta isa."

Ban taɓa ganin an cire wa matan nan ko sisi a littafi ba. Na ce mata zan duba.

*

Muka tsaya a wajen mai shayi a bakin titi. Na ce wa Baba Sa'id na gane yadda aka yi: hular da aka ƙwace a hannun mata ita ake rubutawa da sunayen da babu su, kuɗin ya shiga aljihu. Da na ce kowa ya zo da kansa, sai littafi ya ɓace. Amma Kawu zai ce shi ɗan aike ne, Anti Ketura ce mai rubuta sunaye. Kuma rubutunta ne a takarda. Hajiya ƙanenta za ta gaskata.

"Ba ni sha biyun nan," ya ce.

Na ware masa shafukan. Bai iya boko ba, sunayen ba su dame shi ba. Ya kai takardar kusa da idonsa yana bin dangwalen ɗaya bayan ɗaya da farcensa.

"Yatsun hannu ba aikina ba ne. Waɗannan goma ba zan rantse a kansu ba." Ya tsaya a na sha ɗaya. Ya juya takardar, ya sake juyawa. Sai ya yi dariya, karo na farko tun safe. "Mutumin nan yatsu suka ƙare masa."

"Ban gane ba, Baba."

"Allah ya ba shi goma, shi kuma yana son sha biyu. Wannan babban yatsan ƙafar dama ne. Wannan na hagu. Fito da hoton gari."

Na buɗe wayata na ƙara girman hoton. A babban yatsan dama akwai wani layi da ya ratsa shi a karkace, tsohon yanka da ya warke. Yana nan a garin sitaci, yana nan a tawada gaban sunan wata Tabitha Musa, wata bayan wata.

"Gobe ki tara su," ya ce. "A tabarma, ba a kujera ba."

*

Laraba bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Hajiya ta zauna a kujerarta. Ridwan ya zo da kyamararsa a wuya. Na biya wa Ya Mu'mina napep. Anti Ketura ta ƙi zama, ta tsaya jikin bango da jakarta a hannu, ta sako kayan kwana ɗaya a ciki saboda ofishin 'yan sanda. Maƙwabtan da suka ga an karɓi makulli, ni na je gida-gida na kira su. Kawu Maikuɗi ne ya zo a ƙarshe, ya cire takalmi ya zauna yana duba agogo.

"Lubna, la'asar ta kusa. Wasan yara ya isa."

Na ce Ya Mu'mina ta faɗi maganar hular gwamnati. Ta faɗa. Hajiya ta juya ta kalli ƙanenta.

"Abin da aka ce in faɗa musu na faɗa," ya ce. "Ga mai littafi nan. Ita ta ce akwai haraji, ita take rubuta sunaye. Ni jahili ne, Yaya, me na sani a takarda?"

"Maikuɗi, ka ji tsoron Allah," in ji Anti Ketura.

Baba Sa'id ya ɗauko kushin tawadar dangwale daga ɗakin lissafi, da farar takarda. Ya ajiye a tsakiyar tabarma.

"Ni baƙo ne, ban san kowa ba," ya ce. "Kowa ya dangwala mini."

Ridwan ya miƙa babban yatsansa.

"Ba wannan ba, ɗana. Na ƙafa. Ta dama."

Maƙwabta suka kwashe da dariya. Ridwan ya dangwala yana mita. Anti Ketura ta cire takalminta ta dangwala ba ta kalli kowa ba. Ni ma na yi. Ya Mu'mina ta ce ita dai tata tana da lalle, a yi haƙuri da ita, ta dangwala. Kawu ya janye ƙafafunsa ya rufe su da babbar riga.

"Ni za a wulaƙanta? A gidan yayata? Mai bin kashin shanu?"

"Alhaji, shanu ba su taɓa ce mini a'a ba," in ji tsohon.

Na ajiye hoton sawun da shafin Tabitha Musa a cinyar Hajiya, na nuna mata layin. Ta daɗe tana kallo. Ba ta nemi a dangwala ba.

"Kwalba ce ta yanke shi," ta ce a hankali. "A Fagge, yana shekara shida. Ni na goya shi zuwa wajen mai ɗinkin rauni." Ta ɗago. "Maikuɗi, ina littafina?"

Bai yi gardama ba daga nan. Ya ce da makullin da ke rataye a ɗakin Hajiya ya buɗe ranar suna, littafin yana cikin but ɗin motarsa, ƙarƙashin tayar safaya. Bai ƙone shi ba saboda akwai bismilla a shafin farko da hannun mahaifina. Ya fara maganar kuɗin makarantar 'ya'yansa. Ya Mu'mina ta cire tabaranta ta goge da bakin mayafi.

"Namu 'ya'yan itace suke ci?" ta ce.

Na raka Baba Sa'id bakin titi. Na miƙa masa ambulan, ya buɗe ya zare kuɗin napep kawai ya mayar mini da sauran.

"Shayin ya isa. In kika biya ni, sai kin ce in kawo lamba."

Na ce Allah ya saka masa da alheri. Ban san wata kalmar da ta fi wannan ba a harsuna ukun da nake ji.

*

Da na koma an kawo littafin. Kawu ya tafi, Hajiya ta karɓe makullin motarsa har sai ya biya. Maƙwabta ba su watse ba. Hajiya ta tashi daga kujerarta, abin da ba ta yi wa kowa, ta je har inda Anti Ketura take.

"Ketura, a gabansu na ci mutuncinki, a gabansu nake roƙon ki. Ki yafe mini."

Anti Ketura ta dube ta, ta dubi matan unguwa ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka sunkuyar da kai.

"Na ji, Hajiya," ta ce.

Ta ɗauki littafin ta shiga ɗakin lissafi, ta ce in biyo ta. Ta buɗe shafin shekara huɗu baya, ta tura mini biro da farar takarda.

"Duk hular da ke gaban sunayen nan sha biyu, ta wata ce. Za mu raba ta ga masu ita, kowace da rasit ɗinta, da sunanta na gaskiya. Takardarki ta Abuja ta jira."

"To, Anti. Na gode da kika..."

"Kar ki gode tukuna."

Hajiya ta biyo mu ta tsaya a bakin ƙofa, mata biyu suna leƙe ta kafaɗarta. Anti Ketura ta tashi, ta ce mata aiki za mu yi, ta tura ƙofar ta rufe. Ta dawo ta zauna.

"Zan zauna har a biya matan nan hularsu ta ƙarshe, da hannuna zan kai musu," ta ce. "Bayan nan zan koma Biu. Karanto suna na farko."